Tambaya: Me ya sa kogi ke cike kwari, sannan ya dawo ya yanka shi?

Assalamu alaikum. Masu ilimin duwatsu, don Allah ku taimaka mini, wani abu ya ɗaure mini kai.

Na gane cewa kogi na zaizaye kwari ya bar shi matsattse, ita kuwa ƙanƙara mai gangarowa, wato ƙaton tarin ƙanƙara da ke tafiya a hankali daga kan tsauni, takan ƙwaƙule shi da faɗi da zurfi. A kwarin Yosemite na Amurka da kwarin Rhone na Suwizalan, asalin dutsen yana can ƙasa, laka da yashi da tsakuwa sun binne shi da ɗaruruwan mitoci bayan ƙanƙarar ta janye. Zamanin ƙanƙara na ƙarshe ya ƙare kimanin shekara 11,700 da suka wuce.

Inda na maƙale shi ne matakalan da ake gani a gefen kwari, wato shimfiɗaɗɗun wuraren tsakuwa masu hawa-hawa sama da kogin. Kogin da ya tara tsakuwar, shi ne kuma ya dawo ya yanke ta. Sauyin yanayi ne ya rage abin da yake ɗaukowa, ko ƙasar ce ta ɗago? A ganina mulmulalliyar tsakuwa tana nuna aikin ruwa ne kawai, ba ta faɗin dalili. Wace alama ake dubawa a jikin gaɓar domin rarrabe biyun?