Wai ta yaya maganaɗisu ke gano DNA a jini?

Ɗalibin_Lab:
Salam 'yan uwa, don Allah a taimaka. Jiya malaminmu ya kawo zancen wata 'yar na'ura mai maganaɗisu da za ka iya sawa a jaka, wai ɗigon jini kawai za a sa mata ta nuna furotin ko DNA ɗin ƙwayar cuta nan take a gaban mara lafiya, ba sai an kai lab ba. Abin da ya ɗaure min kai, ai DNA ba ƙarfe bane, to ya maganaɗisu zai gan shi?

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Ai ba DNA ɗin yake gani ba ɗan uwa, alama ake rataya masa. A saman sensa, wato ɓangaren na'urar da ke yin awon, akwai antibodi (furotin ɗin garkuwar jiki) ko guntun DNA da ke cafke abin da ake nema, sai a zubo mitsi-mitsin ƙwayoyin ƙarfe dangin tsatsa, wasu nanomita 50 ne kacal, su maƙale a jikin abin da aka cafke, to su ne ke canja yadda lantarki ke ratsa sensan, da haka ake gane yawansa. Sunan dabarar GMR, Albert Fert na Faransa da Peter Grünberg na Jamus suka gano ta a 1988, har Nobel suka samu a 2007. Ita ce aka daɗe ana karanta hard disk, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, da ita, a 1998 kuma masu bincike na sojan ruwan Amurka suka gwada ta a wannan fannin. Daɗin abin, jini da fitsari kusan ba su da maganaɗisun kansu, launin jini ba ya rikita awon kamar yadda yake yi wa na'urori masu haske.

Anti_Nas:
Injiniya ka yi bayani amma a rage zumuɗi. Furotin da sauƙi, DNA kuwa sai an fasa ƙwayar cutar an ciro shi, galibi ma sai an ninka yawansa da dabarar PCR ko LAMP, shi LAMP zafin digiri 65 yake so, kuma sensan nan zafi na canjawa lissafinta zai karkace sai an gyara. Yawancin na'urorin nan fa har yanzu a hannun masu bincike suke.

Ɗalibin_Lab:
Na gode sosai. Anti to in ƙwayoyin ƙarfen suka maƙale inda ba a kama komai ba fa?

Anti_Nas:
Sai ta nuna akwai cuta alhali babu. Shi yasa ake barin wata sensa a gefe wadda ba ta kama komai, a debe abin da ta karanta daga na sauran.