Agogon bangon Seikosha da ke tsayawa: wa za a kai wa a Jos?

Maman Khalifa, Anguwan Rogo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Agogon bangon marigayi mahaifinmu ne ya dawo hannuna, irin mai wani da makulli, an rubuta Seikosha a fuskarsa, ramukan makulli biyu. In na kaɗa lilon sai ya ɗan yi tafiya ya tsaya. Wani mai gyara ya ce a kwashe kayan cikin a sa injin batir. Hankalina bai kwanta ba, shi ya sa na kawo nan.

Baba Ɗanjuma, Bukuru: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Malam. 'Yata, don Allah kada ki yarda. Darajar agogon tana cikin injin nan, in aka cire shi akwatin katako kawai ya rage miki. Kintaro Hattori ne ya kafa masana'antar Seikosha a Tokiyo a 1892, da agogon bango suka fara, kuma daga nan Seiko ta fito. Rami ɗaya na tafiyar lokaci ne, ɗayan na ƙararrawa. Kafin ki kashe ko sisi, kaɗa lilon ki kasa kunne. In bugun ba daidai yake ba, ɗaya dogo ɗaya gajere, to a karkace yake a bango. Ki riƙa matsar da gindinsa hagu ko dama kaɗan-kaɗan har bugun ya daidaita, sannan ki yi alama da fensir a bangon.

Maman Khalifa: Na gode Baba. Na gwada yanzu, ya ƙara jimawa, amma ya sake tsayawa.

Injiniya Bello, Rayfield: To dauɗa ce, Hajiya. Tsohon mai ya daskare, ƙurar hunturu ta hau kai, ga sanyin Jos. Ki leƙa bayan injin: in kin ga baƙin maiƙo a bakin ramukan da sandunan giya (ƙafafun nan masu haƙora) ke juyawa, ramukan sun cinye, sai an sa musu bushin, wato ɗan zoben tagulla da ke cike ramin. Ƙara mai a kan wannan dauɗar ƙara ci yake yi. Dole a warware injin, a wanke, a bushe, a ɗiga man agogo da bakin allura a ramukan kaɗai, ban da haƙoran giya. Akwai na Moebius na ƙasar Suwizalan. Man keken ɗinki da man feshi na WD-40 a nisanta su da shi.

Yaya Talatu, Farin Gada: Ni abin da zan ƙara, in za ki ɗauke shi a Keke Napep ki fara zare lilon ki naɗe shi daban. Siririn ƙarfen da yake rataye a jiki ba ya jure girgiza.

Baba Ɗanjuma: Gaskiyarki. Kuma kada yara su taɓa sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da makulli ke ɗaurewa, a ɗaure yake da ƙarfi, in ya kwance yana yanka yatsa. Kada kuma a mayar da dogon hannu baya ya ƙetare sha biyu, yana rikita ƙararrawar.

Sadiƙu, Gangare: Baba, ni sabon shiga ne a tara irin waɗannan agoguna. Wanne zan fara nema?

Baba Ɗanjuma: Fara da na Japan, ɗana, sun fi sauƙin kuɗi da gyara: Seikosha ko Aichi ta Nagoya, masu wanin kwana 8, ko na baya masu kwana 30. In ka ga rubutun Occupied Japan, an yi shi tsakanin 1947 da 1952. Na Caina mai lamba 555 yana yin kwana 15, ya dace da koyo. Junghans na Jamus da Smiths na Ingila kuwa, a gidajen tsofaffin ma'aikatan kuza a nan Bukuru da Barikin Ladi aka fi dacewa da su. Agogo mai ramin makulli uku ka bari sai hannunka ya faɗa. Abin da ke burge ni da Japanawa, kafin 1873 agogonsu raba yini shida yake yi, dare shida, sa'ar na tsawo da gajarta bisa kaka, kamar yadda lokutan sallarmu ke bin rana.

Maman Khalifa: To wa zan ba? Masu teburin da na gani wajen Terminus duk batir suke sauyawa.

Injiniya Bello: Nemi dattijan cikinsu, akwai waɗanda suka koyi aikin tun kafin gobarar kasuwar a 2002. Ki tambaye shi ko zai warware injin gaba ɗaya. In ya ce zai tsoma shi a kananzir ya shanya, ki ɗauki kayanki. Ki ɗauki hoton injin kafin ki bayar, kuma ya riƙe shi mako guda yana tafiya kafin ki biya ragowar kuɗin.

Baba Ɗanjuma: Turo mana hoton bayan injin tukuna, tambarin da ke jikin tagullar zai taimaka mu kintaci shekarunsa. Akwai dattijon da ke yi min nawa, zan tura miki lambarsa ta gefe.

Maman Khalifa: Allah ya saka da alheri, Baba. Bayan la'asar zan turo, in sha Allahu.