Kirep ɗina (wainar fulawa marar kauri) da ƙullu mai tsami yana yagewa, ku taimaka

Amarya: Salamu alaikum ƴan uwa. Na kwaɓa fulawa da tsohon ƙullu na bari ya kwana, da safe na sa ƙwai 2 da madara amma ya yi tsami sosai kuma yana mannewa a kasko yana yagewa, maigida ko taɓawa bai yi ba wallahi raina ya ɓaci.

Maman ƴan biyu: Ayya ƙanwata, zafin Maraɗi ne, ƙullu bai kwana waje yanzu. Awa 4 ta isa ko ki sa firigo. Ɗan ruwan kanwa na kashe tsamin kamar na masa.

Hajiya Babba: Ki tsinka shi ruwa-ruwa ɗiyata, sai kasko ya yi zafi ki shafa mai da ƙyalle. Na farko dama yakan lalace.