Neman shawara: zan kai iyali hutu Maldibs, me zan duba kafin in biya?

Baban Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in kai iyali hutu Maldibs, ƙasar tsibiran nan da ke tekun Indiya, ni da uwargida da yara uku, masu shekara 10 da 7 da 3. Kwana shida muke so, a irin otal ɗin nan mai tsibirinsa shi kaɗai. Wani ejan ya turo min farashin ɗakin da aka gina a kan ruwa, ya ce in ba da rabin kuɗin cikin makon nan kafin wani ya kama. Ban tsayar ba ko hutun Disamba ko dogon hutun Agusta. Damuwata takardu, da hanya daga nan Kano, da abinci da salla, sai kuma 'yar autar da ruwa. Me ya kamata in duba kafin kuɗi su bar hannuna?

Mai Tikiti Zoo Road:
Wa alaikumus salam. Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan "kafin wani ya kama" maganar kasuwa ce. Ka ce ya turo maka takardar farashi daga otal ɗin kansa, mai ɗauke da sunayenku biyar da shekarun yaran, sannan ka duba ko abubuwa uku suna ciki: haraji, kuɗin kai ku tsibiri, da abinci. Farashin da ake fara nunawa sau da yawa na ɗaki ne tsurarsa.

Ga lissafin. A ce ɗakin dala 1,000 ne a dare. Za a ɗora kashi 10 na hidima, ya koma 1,100. A kan wannan 1,100 ɗin za a ɗora harajin yawon buɗe ido, wanda ya koma kashi 17 tun Yulin 2025, ya zama 1,287. Dare shida, 7,722 ke nan maimakon 6,000 da ka sa a rai. Sai harajin muhalli, dala 12 kowane mutum kowane dare. 'Yan ƙasa da shekara biyu aka yafe wa, autarka ta wuce, don haka ku biyar sau dare shida, 360. Kuma kashi 10 da kashi 17 ɗin nan suna bin duk abin da aka saya a tsibirin, har kwalbar ruwa.

Na biyu, tambayi yadda ake isa otal ɗin daga filin jirgin Velana da ke kusa da Male, babban birnin ƙasar. Na kusa, jirgin ruwa mai gudu ne yake ɗauka, minti 15 zuwa awa ɗaya, dare ko rana. Na nesa yawanci ƙaramin jirgin sama ne mai sauka a kan ruwa. Shi wannan kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne a kan kowane mutum, kuma da rana kawai yake tashi. Idan jirginku ya sauka bayan la'asar, to a Male ko Hulhumale, garin da ke dab da filin jirgin, za ku kwana da kuɗin aljihunka, alhali ka riga ka biya wancan daren a tsibiri. Haka ma a dawowa: in jirginku na tsakar dare ne, tun da rana za a kwaso ku, ku yi ta zaman jira da yara. Kaya kuma yawanci kilo 20 ne da jakar hannu kilo 5, ba irin akwatunan da muke cikawa in za mu Umara ba. Da yara uku, ni dai na fi son otal ɗin da jirgin ruwa yake zuwa.

Hanya: babu jirgin da yake tafiya kai tsaye daga Najeriya. Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022, kuma daga Doha zuwa Male bai kai awa biyar ba. A duba ranakun tashinsa a lokacin da kuke so. In bai dace ba, a tashi ta Abuja ko Legas. Ko ta ina ne, a yanki tikiti ɗaya tun daga farko har Male. In aka raba shi biyu don neman sauƙi, jirgin farko ya makara, na biyu ba ruwansa da ku. Agogonsu yana gaba da namu da awa huɗu, wasu otal ɗin ma suna ƙara awa ɗaya a tsibirinsu, to a tambaya wane agogo ake nufi duk lokacin da aka ba ku lokacin tashi.

Hajiya Uwar Biyu:
Alhaji, ɗakin kan ruwan nan ka haƙura da shi. Na ango da amarya ne. Barandarsa ba shinge, matakalarsa cikin teku take sauka kai tsaye, gadar katakon da ake bi a je ɗakin ita ma sau da yawa ba abin dafawa. Shi ya sa otal da dama ba sa karɓar ƙananan yara a ciki, waɗanda suke karɓa kuma sai iyaye sun sa hannu cewa alhaki a wuyansu yake. Da 'yar shekara uku, Hajiya ba za ta runtsa ba, wane hutu kuma aka yi?

Ka nemi ɗakin bakin rairayi. In yana da wurin iyo nasa a cikin katanga, ya fi, don uwargida ta samu ta shiga ruwa ba idon kowa a kanta. Amma ka tambaya ko ana iya rufe hanyarsa saboda yarinyar. Wani abin da ejan ba zai faɗa ba sai an tambaye shi: yawancin ɗakunan manya biyu da yara biyu suke ɗauka. Ku biyar ne. Ko dai ɗakin iyali mai ciki biyu, ko ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, kuma a rubuta hakan a takarda. In ba haka ba, sai kun isa a ce a ƙara ɗaki, a wurin da ba wani otal ɗin da za ka juya ka tafi.

Gidan wasan yara da suke talla da shi, da yawansu daga shekara huɗu suke karɓa ba tare da uwa ba. Mai reno kuma awa-awa ake biya.

Ɗan Wapa:
Ni kan takardu da kuɗi zan tsaya. Biza a filin jirgi ake bugawa, kyauta, ta kwana 30. Amma sai an ga tikitin dawowa da shaidar biyan otal, to a buga su a takarda, kar a dogara da waya. Akwai fom ɗin shiga ƙasa da ake kira IMUGA, a intanet ake cikawa cikin awa 96 kafin sauka, kowa da nasa har jaririya, kuma kyauta ne. Shafin da ya nemi kuɗi a kansa na bogi ne. Kowane yaro da fasfonsa, a tabbata da sauran wata shida aƙalla kafin ya ƙare.

Abin da mutanenmu suka fi mantawa shi ne yalo kad, katin rigakafin zazzaɓin shawara. Tunda daga Najeriya kuke, ana iya nema. Ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka ba abin da za a yi ana gobe tafiya ba ne. A yi na gaskiya a ofishin lafiya na filin jirgi, a bar na bayan fage.

Dala ake kashewa a otal, ba sai ka nemi kuɗinsu rufiya ba. In za ka canza, ka zaɓi sababbin takardu, ba yagewa, ba rubutun biro, ba hatimin 'yan canji, don can suna ƙin karɓar masu tabo. Ka haɗa da 'yan ɗai-ɗai da biyar-biyar na ihsani ga ma'aikata. Abin da ya haura dala 10,000 a hannu sai an bayyana wa kwastan kafin fita. Otal kuma yakan riƙe wani abu a kati ranar shiga, to ka je bankinka ka ji iyakar abin da katinka yake iya cirewa a waje, kar a yi abin kunya a gaban iyali.

Baban Uku:
Allah ya saka da alheri, na fara ganin inda aka rufe ni. To lokacin fa? Kuma ejan ya ce in ɗauki tsarin da komai yake ciki, ci da sha.

Mai Tikiti Zoo Road:
Daga Disamba zuwa Afrilu ne ranin su: teku a kwance, rana garau. Daga Mayu zuwa Nuwamba damina da iska. Agusta ya fi sauƙin kuɗi sosai, ruwan ma sau da yawa yakan zuba ya ɗauke, amma ana iya dacewa da kwana biyu uku na hadari, jirgin ruwa ya yi ta tsalle da yara. Makon Kirsimeti zuwa sabuwar shekara kuwa shi ne mafi tsada a duk shekara, ga liyafar dole ta daren 24 da 31 ga Disamba da otal da yawa suke ɗorawa a kan kowane kai, ka je ko kar ka je. In makaranta ta ba da hutu da wuri, ku shiga ku fito kafin 20 ga wata.

Tsarin komai-a-ciki kuma, ka sani babban abin da yake sa shi tsada giya ce. Za ka biya kuɗin abin da ba ka sha. Ka tambaya ko suna da irinsa na marasa shan giya. In babu, ka ɗauki mai cin abinci sau uku, ka ƙara na lemo da ruwa. Kar ka ɗauki mai karin kumallo kaɗai da tunanin za a ci a waje. Babu waje. Tsibirin duk na otal ne, abin da suka ce shi ne farashi.

Ɗan Fagge:
Ku gafarce ni, amma me ya sa sai Maldibs? Zanzibar ta Tanzaniya ta fi kusa, jirgin Ethiopian yana ɗauka daga nan Kano ta Adis Ababa, Agusta kuma lokacin rani ne mai sanyi-sanyi a can. Ga gari, ga masallatai, ga gonakin kanumfari, ga tsohon birnin Stone Town da yara za su ƙaru da shi. A tsibirin da za ka zagaye da ƙafa cikin minti ashirin, ɗan shekara goma zai fara tambayar gida a kwana na uku.

Ɗan Wapa:
Gaskiya ce, Malam, sai dai ka faɗi ɗaya ka bar ɗaya. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar Tanzaniya a filin jirgi. Tun daga gida ake nema, sai an tantance, kuma tana ɗaukar lokaci. Kar a biya otal kafin ta fito. Tun Oktoban 2024 kuma akwai inshorar dole ta Zanzibar, dala 44 ga babba. Sannan a gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, ruwa yana janyewa nesa na awoyi, a bar ku da laka da ciyawar teku. Mai son yara su yi iyo kowane lokaci sai Nungwi ko Kendwa a arewa.

Nas ɗin Yara:
Ko ina aka zaɓa, ga nawa. Babban haɗari ruwa ne, ba ciwo ba. Yaro yana nitsewa shiru, ba ihu ba bundum-bundum, cikin ruwan da bai kai gwiwarka ba. Robar da ake hurawa a sa a damtse abin wasa ce. A nemi rigar hana nitsewa daidai da nauyin yaro, mai igiya ta tsakanin ƙafafu. A raba aiki a fili: yanzu kai ne da ido, an jima Hajiya. In kowa yana zaton ɗayan yana kallo, to ba mai kallo. A Maldibs ruwan gaɓa fari-fari marar zurfi yana ƙarewa ne kwatsam inda launinsa ya koma shuɗi mai duhu, nan rami ne mai jan ruwa. Yara kar su kusance shi.

A sayi takalman roba na shiga ruwa. Dutsen murjani yana yanka, yankansa kuma yana saurin ruruwa. A wanke da sabulu da ruwa mai daɗi sosai kafin a sa magani. Baƙar fata ma rana tana ƙona ta, balle ga hasken da ruwa yake maidowa. Man kariya mai lamba 50, a sake shafawa duk awa biyu da bayan fitowa daga ruwa, a huta a inuwa daga hantsi zuwa la'asar.

Babu maleriya a Maldibs tun tuni, amma akwai zazzaɓin dengi, sauronsa da rana yake cizo. In zazzaɓi ya taso, farasitamol kawai, ban da asfirin da ibufurofen, don suna iya jawo zubar jini. Kuma a gaya wa likita daga Najeriya kuke, domin maleriyar da yaro ya ɗauko a Kano tana iya tashi a can, shi kuwa ba ita zai fara zato ba. Ku tafi da abin gwaji da maganinta, da gishirin ORS, da maganin amai na tafiyar ruwa wanda likitanku ya yarda da shi. Inshora kuma a karanta a ga tana biyan ɗauko marar lafiya daga tsibiri, don manyan asibitocin suna Male.

Hajiya Uwar Biyu:
Na manta batun salla da abinci. Ƙasar Musulmi ce, amma tsibiran otal an ba su damar sayar da giya da naman alade. Sukan sa alama a jikin kwano, duk da haka ranar farko Hajiya ta nemi shugaban masu girki ya zagaya da ita, musamman wajen kayan zaƙi da miya, inda ake ɗiga giya ba a gani. Ku rubuta musu tun kafin zuwa su kwashe kwalaben firjin ɗaki. Kifi ne da shinkafa da kwakwa a wadace, sai dai a ƙulla yaji daga gida, da garin kunun auta.

Sauran baƙi da kayan wankansu za ku gan su, gara a shirya wa manyan yaran bayani tun a gida. Kayan iyo na mata mai rufe jiki a saya a nan, a can tsada. Masallaci yawanci yana ɓangaren ma'aikata, in ka tambaya za su nuna maka, har lokacin Juma'a. Alƙibla kuma ba gabas ba ce kamar a Kano, yamma ce ta karkata arewa. Ka duba kibiya a silin ko cikin durowa. Tunda niyyar kwana shida gare ku, a mazhabar Malikiyya cika salla za ku yi da kun sauka, ƙasaru ta hanya ce.

Sai ka ja wa yara kunne kar su cika aljihu da katantanwa da murjani, an hana fita da su.

Baban Uku:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fasa na kan ruwa. Na tura wa ejan ya kawo farashin ɗakin iyali na bakin rairayi, a otal ɗin da jirgin ruwa yake zuwa, da haraji da abinci duk a rubuce. Gobe za mu je batun yalo kad.

Mai Tikiti Zoo Road:
Madalla. In takardar ta zo, ka ɗauki lambar da ke jiki ka aika wa otal ɗin da kanka ta adireshin da ke shafinsu, su tabbatar da sunanka yana wurinsu. Ka kuma tambaye su ranar ƙarshe da za a iya fasawa a maido kuɗi, don na Disamba wasu ba sa maido ko sisi.