Injin E320 zai zauna a V-boot 300E?

Mai V-boot, Kubwa

Assalamu alaikum. Injin 300E ɗina (W124, ƙirar 1989, M103) ya buga. A Apo an nuna mini injin M104 ɗan Beljiyam da aka ciro daga E320 mai ido huɗu, wato W210, mai sayarwa ya ce ɗaurawa kawai za a yi. Masana, gaskiya ne? Giyata otomatik ce, lafiyarta ƙalau, ba na son taɓa ta.

Bakaniken Marsandi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ta ɓangaren ƙarfe mai sayarwa bai yi ƙarya ba. M103 da M104 'yan gida ɗaya ne, silinda shida a jere, kuma bakin giyarka 722.3 zai kama bayan M104 ba tare da an huda komai ba. Kamfanin da kansa ya sa M104 a jikin W124. Abin da bai faɗa maka ba shi ne wuta.

Injinka yana shan mai ne ta KE-Jetronic, tsohuwar hanyar feshin mai wadda rabin aikinta na ƙarfe ne, ga distiributa da kwayil ɗaya. Injin da aka nuna maka birenbos, wato kwamfutar inji, ke tafiyar da shi, da kwayil uku, da mitar iska, da nozul masu wuta. Ba soket ɗaya na motarka da zai shiga jikinsa. Sannan na W210 yana da imobilaiza: birenbos ɗin ba zai saki mai ba sai ya gane makullin motar da ya fito daga cikinta. Kik zai juya har batir ya mutu, inji ba zai tashi ba.

Shi ya sa ni ba zan ba ka shawarar wannan injin ba. Idan M104 kake so, nemi na W124 kansa. Akwai 104.980 na 300E-24, lita 3.0, wanda shi ma KE-Jetronic ne, shi ya fi kusa da abin da ke motarka, sai dai akwatin wutarsa na EZL daban ne, dole a haɗo maka da shi, kuma samunsa sai an sha yawo. Akwai kuma 104.992 na E320 V-boot, lita 3.2, doki 220, inda naka yake wajen 180. Lambar tana buge a jikin bulok, ka sa a goge maka ka karanta da idonka, kada ka dogara da abin da aka rubuta da fenti a kan murfi.

Filet ɗin bayan inji da ke haɗa shi da giya kuwa, na sabon injin za a bari. Daga jikinsa sansa ke karanta juyawar karanshaf. Masu gaggawa sukan mayar da tsohon don sun ga ramukan noti sun dace, sai a kwana biyu ana neman wuta.

Rewaya Farin Gada

Maigida ya gama magana a kan zaɓi. Bari in ƙara a kan waya, don a nan kuɗin mutane ke ƙonewa.

Marsandi na shekarun 1992 zuwa wajen 1996 an yi musu wayar inji da roba mai ruɓewa. Zafi na gasa ta, ta koma kamar busasshiyar ƙuli-ƙuli. Daga waje za ka ga tef baƙi sumul, ciki kuwa tagulla ce tsirara tana taɓa juna. Kafin ka biya ko sisi, a tsaga tef ɗin kusa da soket na mitar iska da kuma ƙarƙashin murfin kwayil, a lanƙwasa waya ɗaya. In roba ta zubo gari, a rage kuɗin sabuwar waya daga farashin. In aka tayar da inji a haka, wayar kwayil ce ke haɗuwa ta kashe birenbos nan take. Wayar da ke cikin totur ma irin wannan ciwon take yi, alamarta sulo yana hawa yana sauka.

Kayan da za a kwaso daga mota ɗaya: inji, wayarsa da ba a datse ba, birenbos, mitar iska da bututunta, totur, kwayil uku, gidan ea filta, da bututun salansa na gaba mai ɗauke da sansar iska. Don Allah a kula da kalmar "ba a datse ba". 'Yan kwance inji da almakashi suke aiki, kuma soket ɗin da ya ɓata a can shi zai tsayar da mota wata guda a gareji.

Famfon manka zai iya aikin. KE tana aiki da sama da bar 5, sabon tsarin bai kai bar 4 sosai ba, kuma regileta da ke kan layin nozul ita ke ragewa, muddin bututun da ke mayar da mai tanki a buɗe yake. Sai dai dole a ja waya birenbos ya riƙa kunna rilen famfo. Kada a haɗa shi kai tsaye da makulli. In aka yi haɗari inji ya mutu, famfo zai ci gaba da feso fetur.

Mai V-boot, Kubwa

Allah ya saka da alheri. To in na ɗauko injin W210 ɗin da giyarsa gaba ɗaya fa?

Bakaniken Marsandi

Aikin ya ninku ke nan, Alhaji. In giyar mai lamba 722.6 ce, ita ma da nata birenbos, tana buƙatar sakon gudun taya da na totur, kuma ba ta da wurin ɗaura igiyar mitar gudu da motarka ke amfani da ita. Bar 722.3 ɗinka. A daidaita igiyar da ke tasowa daga totur zuwa giya, a tabbatar robar iskar modileta, wato na'urar da ke daidaita ƙarfin canjin giya, ba ta tsage ba, in ba haka ba za ta riƙa buga giya da ƙarfi.

Tun inji yana ƙasa a auna matsin kowace silinda: kada ya gaza bar 10, bambancin tsakaninsu kada ya wuce ɗaya da rabi. M104 ya yi suna wajen yoyon baƙin mai ta gasket a kusurwar baya da kuma robar murfin sarka a gaba. A canza su yanzu, da sil ɗin bayan karanshaf da kujerun inji biyu. A wanke lagireto, a gwada kulocin fanka, don zafin Abuja a watan Maris ba ya raga wa gasket. Baƙin mai kimanin lita 7 yake ci.

Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, ka je ofishin VIO a gyara takardu. In kuma ba gudu kake nema ba, M103 mai lafiya kwana biyu ne aikinsa, babu wayar da za a yanka.