Wane suna za mu sa wa layin nan na ƙasan allon Windows?

Malama daga Tawa:
Salamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar ina da darasi, kuma ina son takardar darasin ta fito da Hausa. Ordinatar ɗinmu duk Windows 7 ke kansu. In aka buɗe tsohon shirin koyon buga rubutu, irin na zamanin da allo ke nuna launi 256 kacal, layin nan mai agogo da maɓallin farawa sai ya ɓace, ko ya dawo da launi a dagule. Maganin na sani: a danna Ctrl da Shift da Esc tare, a tagar da za ta buɗe a kashe shirin explorer.exe a sake tada shi, don shi ke zana layin. Sunan ne ya gagare ni. Yara "bar de tash" suke cewa, sunansa na Faransanci.

Mai gyara a Yamai:
Malama, "sandar aiki" mana. Ki ƙara masu cewa a saitin dacewa da tsofaffin shirye-shirye ana iya kashe Aero, wato adon nan mai kama da gilashi na tagogin Windows, wani lokaci launin kan daidaita.

Baban Adar:
Sanda? Ta kiwo ko ta dogarawa? Faransanci ne aka sa wa riga, ɗana. Ku dubi aikinsa: duk shirin da ka buɗe nan yake zuwa ya zauna, yana jiran ka kira shi. Wannan ai dakali ne, irin na ƙofar gida. Dakalin ayyuka.

Ɗalibin jami'a:
Me zai hana "layin ƙasa" kawai, Baba?

Mai gyara a Yamai:
A Windows 7 ana jan shi sama ko gefe, ƙane. Ranar da yaro ya ja shi sama, sunan ya mutu.

Ɗalibin jami'a:
To na janye. Amma Malama, "ordinatar" fa? Kwamfuta ake rubutawa ko'ina.

Baban Adar:
Ko'ina ina? Kwamfuta aro ce daga Ingilishi, ordinatar aro daga Faransanci. Don ta biyo ta Kano ba ta fi tamu asali ba. A 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, har yanzu sai mun jira izinin wani?

Ɗalibin jami'a:
Ban raina tamu ba, Baba. Ina son ɗan Maraɗi da ɗan Katsina su karanta takarda guda su gane.

Baban Adar:
Dakali kuwa duka biyun sun san shi.

Mai gyara a Yamai:
Sun san shi, amma wanda ya kawo mini gyara ya ce dakalinsa ya ɓace, magini zan nema masa.

Malama daga Tawa:
Don Allah ku tsaya, gobe zan kai takardar bugu. Zan rubuta "dakalin ayyuka", da "bar de tash" kusa da shi a karon farko. Ordinatar kuma tana nan yadda take.

Mai gyara a Yamai:
Ban gamsu ba, Malama, amma ajinki ne. A shagona sandar aiki zan ci gaba da cewa.