Fitilar batir da ta birki sun kama tare a Hiace

Mai bas, Daura: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan motata Toyota Hiace mai shan gas, wato dizal, wadda nake jigilar fasinja da ita tsakanin Daura da Katsina. Jiya da magariba, bayan na wuce Mashi, jar fitilar nan mai hoton batir ta kama a dashbod tare da ta birki, kuma duk lokacin da na taka totur sai su dushe, in na sassauta su dawo. Kafin in shiga Daura hasken fitilun gaba ya yi rauni ƙwarai, yau da safe kuma sai da aka tura ta sannan ta tashi. An ce mini batir ne ya mutu, kuma ina shirin sayen sabo.

Rewaya, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam. Alhaji, don Allah ka dakata da sayen batir tukuna. Wannan fitila, ko da yake hoton batir ne a jikinta, abin da take sanar da kai shi ne cewa caji ba ya shiga, kuma mai ba da cajin shi ne altanata. Idan ka ɗora sabon batir a kan altanatar da ba ta aiki, motar za ta shanye shi kamar yadda ta shanye na farko. Ka nemi mita ka auna kan batir. Injin yana kashe, cikakken batir yana nuna kusan bolt 12.6. Idan aka tayar da injin, ya kamata ya hau zuwa tsakanin 13.8 da 14.5, kuma ya tsaya kusa da nan ko da ka kunna fitilun gaba da fanka. In ya tsaya a 12 ko yana ta sauka, altanata ba ta caji. In kuwa ya haura 15, kat-awut ɗin da ke daidaita wutar ne ya lalace, kuma shi ne ke tafasa ruwan batir har ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai.

Game da fitilar birki, a motocin Toyota da yawa an haɗa layin gwajin waɗannan fitilu da altanata, shi ya sa idan ta daina caji sukan kama tare. Duk da haka ka duba man birki da idonka kafin ka jingina laifin ga altanata kaɗai.

Direba, layin Jibiya: Mu hanyar da muka taso muka gani ita ce a cire kan batir guda injin yana aiki. In motar ta mutu, altanata ce, in ta ci gaba, lafiyarta ƙalau.

Rewaya, Ƙofar Ƙaura: Malam, ina roƙon a bar wannan gwaji kwata-kwata. Batir ne ke shanye tsallen da wutar altanata ke yi, kuma da zarar an cire shi wutar na iya hawa lokaci guda ta ƙona dayod ɗin altanatar ko ƙwaƙwalwar mota, wadda kuɗinta ya ninka na gyaran da ake nema. Ban da haka, tsohuwar mota mai gas tana buƙatar wuta kaɗan ne ta ci gaba da aiki, saboda haka altanata mai rauni ma tana iya tsallake wannan gwaji, mutum ya tafi da tabbacin da ba gaskiya ba.

Dattijo, tsohon direba: Ɗana, abin da ya fi damuna a bayaninka shi ne ka ci gaba da tafiya da fasinja ba tare da ka tsaya ka duba injin ba. Abu na farko idan wannan fitila ta kama shi ne a sauka gefen titi a duba fambel, domin a yawancin waɗannan motoci bel ɗin da ke juya altanata shi ne ke juya famfon ruwa, kuma idan ya tsinke zafin injin zai hau cikin 'yan mintoci, har ya kai ga ƙonewar gasket. Akwai kuma abin da masu Hiace mai gas suka kamata su sani: a injunan 2L da 3L da 5L, famfon da ke jan iskar da ke sauƙaƙa taka birki yana manne ne a jikin altanata. Idan bel ya tsinke, bayan taku kaɗan birkin zai yi tauri, kuma wanda ya ɗauko mutane cike da mota ya san abin da wannan ke nufi. Tunda ka ce fitilar tana dushewa in ka ba da wuta, ina kyautata zaton bel ɗinka yana nan, sai dai ko ya saki, ko kuma burosh, 'yan gawayin nan da ke gogawa a cikin altanata, sun cinye.

Makanike, Mani: Na goyi bayan Baba. Ina ƙarawa da cewa a duba ko baƙin mai yana yoyo daga wannan famfo zuwa cikin altanata, domin mai idan ya haɗu da ƙurar hunturu yakan zama kwaɓa ya hana burosh taɓa inda suke gogawa. A kuma kwance kan batir a goge farin garin da ke taruwa a kai, a ɗaure wayar at, wato ta nagatif, da ke zuwa jikin mota da injin, a duba babban fis na caji. Jar fitila umarni ce na tsayawa, musamman mai hoton butar mai, wadda ba a ƙara ko kilomita ɗaya da ita sai an kashe injin.

Mai bas, Daura: Allah ya saka muku da alheri, kuma Baba na karɓi faɗanka. Na kai ta wurin rewaya a nan Daura da azahar. Mita ta nuna 12.1 injin yana kashe, da aka tayar kuma ta sauka zuwa 11.9. Da ya buɗe altanatar, burosh ɗaya ya cinye har ya kusa kai ga waya, ɗayan kuma ya maƙale a cikin baƙin maiƙo. Yanzu shawara ta rabu biyu, ko a canza burosh da sil ɗin famfon mai hana yoyon mai, ko in sayi altanata 'yar Kwatano gaba ɗaya.

Rewaya, Ƙofar Ƙaura: Alhaji, idan an auna kwayil da dayod an same su lafiya, kuma zoben jan ƙarfen da burosh ke gogawa bai yi rami mai zurfi ba, ni gyara nake ba da shawara, domin 'yar Kwatano ba ka san tsawon aikin da ta riga ta yi ba. Sai dai lallai a canza sil ɗin, in ba haka ba man zai sake cinye sababbin burosh. Batirin kuma ka kai shi a yi masa caji a hankali na dare guda, a ƙara masa ruwan batir idan irin mai murfi ne, kada ka bar wa altanatar da aka gyara nauyin cika shi. Bayan an ɗaura, ka sa a auna a gabanka da fitilun gaba a kunne, ka turo mana abin da mita ta nuna.